Gashin wuyana yana komawa cikin fata: wane injin aski zan saya?

Sabon Ma'aikaci: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah kada a mayar da ni abin tsokana kamar yadda aka yi wa bawan Allahn da ya yi tambaya kan sanƙo. Na samu aiki a inda ake son ganin fuskar mutum a gyare kullum. Wata biyu ke nan ina aski da reza mai baki uku, duk bayan kwana biyu. Kumatuna lafiya lau, amma daga ƙasan haɓa zuwa maƙogwaro ya koma kamar bayan kada. Ƙuraje ne ƙanana masu tauri, wasu da ruwa a kansu, in na ɓalle maɓallin wuyan riga sai in ji kamar ƙaya ake soka min. Jiya na tsaya gaban madubi na sa allura na tone ɗaya, sai ga gashi ya fito a nannaɗe, tsawonsa ya kusa rabin farce. Ashe duk kwanakin nan a ciki yake girma. Na yanke shawarar barin reza in koma injin lantarki, amma da na duba sai kaina ya ɗaure: wani kansa a miƙe da raga a sama, wani kawuna uku zagayayyu kamar duwatsun murhu, wani kuma kamar ƙaramar kilifa. Wanne zan ɗauka?

Ɗan Sumul: Wa alaikumus salam. Kada ka wahalar da kanka, mai raga za ka saya. Shekara huɗu ina amfani da Braun, in na gama ko ƙuda ya sauka a kumatuna sai ya zame. Magana ta ƙare.

Mai Kilifa: Ko farawa ba a yi ba balle ta ƙare. Ƙanena, kafin kowa ya kira maka sunan kamfani, amsa min abu uku. Gemunka in ka bar shi sati guda, miƙewa yake ko nannaɗewa? Na wuyanka duk waje ɗaya yake kallo, ko kowanne da inda ya sa gaba? Sannan wurin aikin naku, cewa suka yi sai fuska ta yi sumul kamar ta jariri, ko dai ƙasumba a hargitse ce ba sa so?

Sabon Ma'aikaci: Maigida, nannaɗewa yake sosai, kamar na kaina. A gefen maƙogwaro ma akwai wani wuri da gashin yake juyawa kamar guguwa. Batun wurin aiki kuwa, abin da aka ce shi ne a riƙa zuwa a tsaftace. Ni ne na fassara shi da askewa tas.

Mai Kilifa: To ga inda gizo ke saƙar. Kai ka ɗora wa kanka abin da ba a ɗora maka ba. Shekara goma sha shida ina riƙe da kilifa, kuma irin wuyan nan naka ba na iya ƙirga nawa na gani a kan kujerata. Ciwonka ba reza ba ce ita kaɗai, sumul ɗin da kake nema shi ne ciwon. In ka ajiye reza ka ɗauki injin da zai share gashin har ƙasa kamar yadda reza take yi, an gudu ba a tsira ba. Kai abin da ya kamace ka shi ne na ukun da ka lissafa, ƙaramar kilifar gyaran fuska, wadda za ta rage gashin ta bar ɗan kansa a waje.

Ɗan Sumul: Haba Malam. Yaro ya ce injin aski yake so, kai kana tura shi ga kayan sana'arka. Wannan ai ragi ne, ba aski ba.

Mai Kilifa: Ɗan Sumul, naka gemun yaya yake?

Ɗan Sumul: Nawa dai mai laushi ne, a kwance yake.

Mai Kilifa: Ka ji.

Malamin Jinya: Bari in sa baki, don Mai Kilifa ya faɗi gaskiya amma bai faɗi dalili ba. Gashin da yake murɗaɗɗe, ramin da yake tsirowa daga ciki ma a lanƙwashe yake a ƙarƙashin fata. Reza tana yanke shi a karkace, ta bar masa tsini kamar bakin allura. Daga nan hanya biyu ce. Ko dai ya fito waje, ya lanƙwaso saboda murɗewarsa, ya soki fatar da ke gefensa ya shige. Ko kuma, in an ja fata an yanke shi ƙasa da samanta, tun bai fito ba sai ya huda bangon ramin nasa ya bi gefe. Jiki kuwa ba ruwansa da cewa gashinsa ne, yana ɗaukarsa kamar sartse, sai wurin ya kumbura ya yi ja ya tara ruwa. Reza mai baki biyu ko uku ta fi tsananta abin, domin bakin farko yana ɗan jawo gashin, na bayansa ya yanke, sannan guntun ya koma ciki.

Abu biyu zan roƙe ka. Na farko, ka daina tono da allura. A fata mai duhu duk inda ya kumbura baƙin tabo yake bari, mai ɗaukar watanni kafin ya dishe, kuma akwai masu jikin da tabonsu tudu yake yi ya ƙi kwanciya. In ka ga gashi ya yi lauje a saman fata, ɗaga kansa kawai ya fito, kada ka tsige shi daga tushe. Na biyu, ka ba wuyan hutu, sati uku zuwa huɗu ba tare da an share shi har ƙasa ba. Da yawa daga cikin gashin da suka shige da kansu za su fito in suka yi tsawo. Bayan nan ka riƙa barin kamar milimita ɗaya. Gemu yana tsiro kusan sulusin milimita a rana, ka ga milimita ɗaya tohon kwana uku ne kawai, daga nesa inuwa ake gani ba gashi ba. In kuwa ƙurajen sun fara fitar da mugunya ko suna yaɗuwa da zafi, wannan ya wuce maganar inji, ka ga likitan fata.

Sabon Ma'aikaci: Na gode Malam. Wallahi allurar ma ban ƙona ta ba, daga jikin zare na zaro ta.

Malamin Jinya: Ka tuba tun yau.

Injiniyan Gida: Tunda an yi bayanin fata, bari in yi na ƙarfe, saboda masu karatu a ɓoye da ba irin matsalarsa gare su ba. Duk injin aski na lantarki almakashi ne a fakaice: ƙarfe ɗaya a tsaye mai huji, ɗaya yana motsi a ƙarƙashinsa. Gashi ya leƙa cikin hujin, mai motsin ya datse shi. Wuƙar ba ta taɓa fata, shi ya sa ba ya yanka mutum kamar reza. Kusancin askin kuwa ya dogara ne da kaurin ƙarfen da ke tsakanin wuƙa da fata.

Mai raga, ƙarfensa siriri ne ƙwarai kamar takarda, wuƙaƙen suna kai-komo hagu da dama a ƙarƙashinsa. Shi ya sa ya fi kowa kusanta, kuma ya fi fitar da layin saje da gefen gashin baki a miƙe. Wasu na Panasonic suna kai-komo har sau 14,000 a minti ɗaya. Rauninsa: ba ya son dogon gashi ko kwantacce. Gashin da ya kwanta a jikin fata ba zai shiga hujin ba, sai ka yi ta maimaita wuri ɗaya har fata ta yi zafi. Na zamani suna sa wani ɗan mataji mai haƙora a tsakanin ragogin don ya tayar da irin wannan gashin, yana taimakawa amma ba ya gamawa.

Mai kawuna uku, kowane kai akwai wuƙa mai juyawa a cikinsa, murfin kuma yana da tsaga-tsaga dogaye, don haka ya fi kama gashin da ya kwana biyu da wanda ke kallon ko'ina. Kawunan suna lanƙwasawa su bi muƙamuƙi da haɓa. Ƙararsa ma ba ta kai ta mai raga ba. Amma ba ya fitar da layi, kuma zagaye-zagaye ake yi da shi a fuska, ba ja a miƙe ba.

Baba Dattijo: Yara, wannan gardamar ta girmi iyayenku. Wani tsohon sojan Amurka, Jacob Schick, shi ya fara fito da injin aski na lantarki kasuwa a 1931. Philips na ƙasar Holan suka fito da mai juyi a 1939, da kai ɗaya tal a lokacin, ƙirar wani injiniyansu Alexandre Horowitz. Braun na Jamus suka zo da nasu mai raga a 1950. Tun daga nan kowane ɓangare ke cewa nasa ya fi, kuma har yau ba wanda ya kori wani daga kasuwa. Da ɗaya ya fi ɗaya ga kowa da kowa, da tuni an daina ƙera ɗayan. Ni mai juyi nake amfani da shi tun gemuna yana baƙi. Yanzu fatar wuyana ta saki, mai raga yana cizona a wurin, shi kuwa wannan yana bi a hankali.

Sabon Ma'aikaci: Baba, to tunda na wuyana ko'ina yake kallo, ba mai juyin ne ya dace da ni ba?

Injiniyan Gida: A nan ne zan ja maka birki. Zai kama gashin, ba shakka. Amma da yawa daga cikin masu juyi an ƙera su ne su ɗan ɗago gashi kafin wuƙa ta yanke, kuma masu ƙerawa da kansu suke tallata hakan a matsayin abin da ke kawo sumul. Koma ka karanta abin da Malamin Jinya ya ce game da reza mai baki uku. Dabara ɗaya ce. Ga mai miƙaƙƙen gashi alheri ce, ga kai kuwa tana iya mayar da hannun agogo baya.

Na Bakin Layi: Ni fa ban yarda a ce duk mai murɗaɗɗen gashi ya haƙura da sumul ba. Gashina ya fi na kowa a nan tauri, mataji ma karyewa yake a gemuna, kuma aikina dole sai na sa abin rufe hanci da baki wanda ba ya zama daidai in akwai gashi. Mai raga nake amfani da shi kowace safiya, shekara biyu ke nan, ƙurji sai jefi-jefi. Sirrin shi ne kullum. In kana yi kullum gashin bai samu tsawon da zai lanƙwaso ba. Ranar da na yi fashin kwana uku, to sai na fara bi da kilifa na rage shi, sannan raga ta biyo baya. Ba na dannawa, ba na jan fata da yatsu, ba na wuce sau biyu a wuri ɗaya. Kada a tsorata yaro.

Mai Kilifa: Ban musa maka ba. Mu ma a wurin aiki haka muke: kilifa ta share, sannan mai raga irin Andis ProFoil ko Wahl Finale ya goge. Ba a taɓa ɗora shi a kan dogon gashi. Amma ka lura da abu biyu. Kai dole ce ta sa ka, shi kuwa ba wanda ya tilasta masa. Sannan kai fatarka lafiyayya ce lokacin da ka fara, shi wuyansa yanzu gona ce da aka yi wa kaftu. Ka ɗora raga a kan ƙurji, kan ƙurjin zai shiga huji kamar yadda gashi ke shiga. Na sha ganin jini a haka. Ya warke tukuna, in ya so daga baya ya gwada a kumatu inda ba ya samun matsala, ya bar wuya da kilifa. Ba doka ba ce fuska ɗaya sai inji ɗaya.

Na Bakin Layi: Wannan kuma na yarda.

Ɗan Sumul: Ni dai har yanzu ina kan bakana, namiji ya yi aski a ga ya yi aski.

Shugaban Zaure: Ɗan Sumul, an ji. Kada ka sake maimaitawa sau na uku.

Maman Biyu: Sallama gare ku. Ku yi haƙuri na shigo zancen maza. Ina so in saya wa maigidana ne a matsayin kyauta, ban so ya sani balle in tambaye shi. Shi sau ɗaya yake gyara fuska a sati, yana barin gemu da gashin baki, kumatu da wuya kawai yake sharewa. Na ga wani mai kyau da akwatinsa wanda ake cewa yana wanke kansa da kansa. Shi zan ɗauka?

Injiniyan Gida: Hajiya, kada ki ɗauka. Irin wannan an yi shi ne don mai share fuska duka kullum ko bayan kwana ɗaya. Gashin sati guda in aka ɗora masa shi tsiga zai yi, maigida ya yi amfani da shi sau biyu don kada ranki ya ɓaci, sannan ya shige durowa. Akwatin wankin kuma ba ruwan famfo yake sha ba, wani ruwa ne na musamman da ake saye ana canzawa, wato kin saya masa kyauta mai cin kuɗi har abada. Ki nemi ƙaramar kilifa mai faɗin baki, wadda ta zo da matajai masu lamba, ƙananan su fara daga rabin milimita ko ɗaya. Da ita zai daidaita gemun, ya cire matajin ya fitar da layi.

Mai Kilifa: Ƙari a kan haka Hajiya, ki ɗaga ta a hannu ki ji. In ta yi nauyi kaɗan kuma haƙoranta ƙarfe ne da aka ɗaure da sukurori biyu, ana iya kwancewa a wanke, a daidaita, a canza. Wadda aka manne bakinta da roba, ranar da ta dakushe ranar ta mutu.

Maman Biyu: Na gode ƙwarai. Saura wanda zai ƙera mai kwashe gashin daga bakin madubi, don wannan aikin ni yake bar wa.

Baba Dattijo: 'Yata, wannan ba laifin inji ba ne. Ki ba shi tsohuwar jarida tare da kyautar, zai gane.

Maman Biyu: Baba ka ji ka da wata magana. Wani abu kuma, babban ɗanmu gashin baki ya fara fito masa, yana satar kayan askin babansa. Akwai matsala?

Malamin Jinya: Akwai. Kowa da nasa ya fi, musamman in ɗayansu yana da ƙuraje. Makero yana bin kayan aski, haka ƙwayoyin da ke sa ƙurji ya yi mugunya. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ciwon hanta nau'in B, ƙwayarsa tana iya rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe har kwana 7 ko fiye, kuma jinin da ido ba ya gani ya isa. In dole sai an yi tarayya, a kakkaɓe gashin da buroshi, a jiƙa haƙoran da sifirit a bar shi ya bushe da kansa. Gogewa da gefen tawul ba tsafta ba ce.

Autan Zaure: Ni tambayata, an ce in yaro ya fara aski da wuri gashin zai yi kauri ya yi yawa. Shi ya sa nake ta bin kumatuna da reza ko Allah zai sa saje ya haɗe.

Malamin Jinya: Auta, ajiye rezar. Aski ba ya taɓa tushen gashi, can ƙarƙashin fata yake. Abin da ke ruɗin mutane shi ne gashin da bai taɓa ganin wuƙa ba kansa siriri ne, wanda aka datse kuwa kansa a gundule yake, sai ya fi kaushi a hannu. Sajenka gado da shekaru ne za su kawo shi, ko su hana.

Autan Zaure: Innalillahi. Shekara guda ina wahalar banza.

Matafiyi: Kowa yana maganar kai, ba wanda ya yi maganar wuta, kuma ita ta taɓa cin kuɗina. Na sayi kilifa mai waya a Amurka, mai kyan gaske. Da na bar ƙasar na samu ɗan abin da ke canza bakin soket, na jona. Wata irin ƙara ta yi kamar injin niƙa, kafin in kai hannu ga makunni hayaƙi ya tashi, ɗakin ya cika da ƙaurin roba. Ko gashi ɗaya ba ta yanka ba. Laifina ne, ban karanta abin da aka rubuta a jikinta ba.

Injiniyan Gida: Allah ya mayar da alheri. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, ta Turai da mafi yawan ƙasashe 220 zuwa 240. Ɗan abin da ka saya siffar baki kawai yake canzawa, ba ya rage ƙarfin wuta. Kuma ko da ka sa na'urar rage wutar, kilifa mai motar maganaɗisu tana bin bugun wutar ne, na Amurka sau 60 a daƙiƙa, na sauran wurare da yawa sau 50, sai ka ji tana ta ɓaɓatu ba ta yanka yadda ya kamata. Masu caji yawancinsu ba su da wannan matsalar, amma a duba jikin cajar, in an rubuta 100 zuwa 240 to ko'ina za ta yi.

Tunda an taɓo nan: a nemi mai batirin litiyam. Tsofaffin batura ƙarfinsu yana raguwa a hankali, motar ta rage gudu, kuma injin da ya rage gudu ba yanka yake ba, tsiga yake. Na litiyam yana riƙe ƙarfinsa har kusan ƙarshe, cajin awa ɗaya yakan ba da aiki na minti 45 zuwa awa guda, da yawa kuma cajin minti biyar ya isa aski ɗaya. Wanda aka rubuta wa IPX7 yana jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30, ana iya wanke shi a famfo ko a yi aski da kumfa. Sai dai ku sani, irin waɗanda ake shiga wanka da su galibi ba sa tashi in suna jone da wuta. Da gangan aka yi haka don kada wuta ta ja mutum. Kada wani ya mayar da shi ya ce ya lalace.

Matafiyi: A kuma duba mai makullin makunni. Na taɓa tsayawa a layin filin jirgi jakata tana gurnani, kowa yana ja da baya yana kallona.

Ɗan Sumul: Ni shawarar da zan bayar ta gaskiya, ba tsokana: kafin ka sayi kowane iri, ka tabbata ana samun kansa na canji. Raga tana cinyewa. Braun sun ce a canza duk wata 18. Tawa ta farko na ƙi canzawa har ta huje, wata safiya ta tsaga min gefen leɓe. Kuma jabu sun yi yawa, da kwali da tambari duk iri ɗaya. In ka ga ana ba ka shi a arahar da hankali bai ɗauka ba, ka ajiye.

Mai Kilifa: Yau dai Ɗan Sumul ya faɗi abin da zan sa wa hannu.

Sabon Ma'aikaci: Na ga wani kuma siriri, Philips OneBlade, kamar reza amma na batir. Shi a wane ɓangare yake?

Injiniyan Gida: Tsakiya yake. Kamanninsa na reza, aikinsa na kilifa: wuƙa ce mai kai-komo da sauri a tsakanin haƙora ƙanana. Yana cin gashi kowane tsawo, kuma ba ya kai wa har ƙasa, wanda ga irinka wannan ba aibi ba ne. Abin lura, bakinsa ba a wasa shi, canzawa ake yi, kamfanin ya ce kusan duk wata huɗu ga mai aski sau biyu a sati. Gemu mai tauri yana iya cinye shi kafin haka. Kilifa mai haƙoran ƙarfe kuwa in kana sa mata mai za ta yi shekaru.

Na Bakin Layi: Ba wanda ya ambaci hodar cire gashi. Wasu ita ta raba su da ƙuraje.

Malamin Jinya: Gaskiya ne tana yi wa wasu, domin narkar da gashin take, ba ta bar masa tsini. Amma abin da ya narkar da gashi yana iya ƙona fata. In an wuce mintunan da aka rubuta, ko aka shafa a kan ƙurji buɗaɗɗe, sai fuska ta sale. Mai son gwadawa ya fara da ɗan wuri kaɗan ya jira kwana ɗaya. Shi dai mai tambayar nan, ba yanzu ba.

Mai Kilifa: Ƙanena, ga yadda za ka yi in ka sayo kilifar. Kada ka bari kowa ya haɗe maka bakinta, wato a turo wuƙar sama ta yi daidai da ta ƙasa. Mu muna yi don layi ya fita kamar an ja da alƙalami, amma in wuƙar mai motsi ta leƙo ko kaɗan, yanka za ta yi. Ka bar ta yadda ta zo, ka fara gwada ta a cikin damtsenka. Fuska a bushe, ba gumi, don gashin da ya jiƙe kwanciya yake ya manne. Ka fara da wuya tun ƙarfen bai ɗumama ba. Ka bi gashin inda ya kwanta, kada ka tare shi. Wurin guguwar nan, ka sa yatsa ka shafa ka gane inda kowane ɓangare ya nufa kafin ka kunna. Ka kwantar da bakin a kan fata, kada ka kafa haƙoran a tsaye. In ka gama, ruwan sanyi da man shafawa marar turare. Abin nan mai zafi da ake fesawa bayan aski, ka bar shi tukuna.

*Bayan sati biyar*

Sabon Ma'aikaci: Na dawo da rahoto. Ƙaramar kilifa mai caji na saya. Sati uku na farko matajin milimita biyu na sa a wuya, na riƙa fitar da layin kumatu kawai, yanzu na sauko ɗaya. A sati na biyu wata safiya na ƙirga gashi shida da suka fito da kansu, kowanne a murɗe kamar wayar cikin biro. Sabon ƙurji biyu kawai na gani tun daga lokacin, duka a wurin guguwar. Baƙin tabon yana nan, amma kwalar riga ta daina damuna. A wurin aiki kuwa ba wanda ya ce uffan, shugabar sashenmu ma ba na jin ta lura an canza wani abu.

Ɗan Sumul: Turo hoto mu ga ragin.

Sabon Ma'aikaci: Ba zan turo ba, Yaya. Maigida Mai Kilifa, ɗan man da ya zo a kwalin ya ƙare, kuma jiya na ji ta fara ɗan jan gashi. Zan iya ɗiga mata man girki?

Mai Kilifa: Kul. Daskarewa yake ya yi danƙo ya kama gashi. Nemi man kilifa, in babu, man keken ɗinki. Ka fara kakkaɓe haƙoran da buroshi, sannan ɗigo uku, ɗaya a kowane gefe ɗaya a tsakiya. Kunna ta ta yi daƙiƙa goma, ka goge ragowar da ƙyalle kafin ta taɓa wuyanka.